Cocin Scientology da Harajin Amurka: A Buɗe Littafin Kuɗi

Jama'a masu sauraro, duk lokacin da wani tsohon mabiyin Cocin Scientology ya fito ya ba da labarin abin da ya gani a ciki, sai tsohuwar muhawara ta sake tashi a Amurka kan ko ya dace gwamnati ta ci gaba da yafe wa wannan ƙungiya haraji. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ɓangarorin biyu suke barin inda gizo ke saƙa. Masu neman a janye afuwar sun fi mayar da hankali ga yi wa akidar ba'a, suna cewa ai marubucin ƙagaggun labaran kimiyya ne ya ƙirƙiro ta, su kuwa masu kare cocin sai su ɗaga tutar 'yancin addini kamar an ce gobe za a garƙame musu wuraren ibada. Maganar haraji maganar kuɗi ce, kuma tambayar da ta kamata a yi ita ce: nawa ke shigowa, ina yake tafiya, wa ke amfana da shi?

A ƙarƙashin sashe na 501(c)(3) na dokar harajin Amurka, ƙungiyar addini ko ta jinƙai ba ta biyan haraji a kan kuɗin da take samu, wanda ya ba ta gudummawa yana iya rage wannan adadi daga kuɗin da za a yanka masa haraji a kai, sannan jihohi kan yafe mata harajin gine-gine. Duk dalar da baitulmali ya bari ta wannan hanya, sauran masu biyan haraji ne ke cike gurbinta, har da direban tasi da ma'aikaciyar jinya waɗanda ba su taɓa taka ƙofar cocin ba. Saboda haka ne dokar ta gindaya sharuɗɗa: kada dukiyar ƙungiya ta koma aljihun wani mutum, kada ta yi wa ɗan takara yaƙin neman zaɓe, kuma kada ayyukanta su saɓa wa doka. A cikin sharuɗɗan nan babu inda aka ce sai akida ta zama gaskiya, domin tun 1944 Kotun Ƙoli ta hana kotuna auna gaskiyar abin da mutum ya yi imani da shi. Wannan daidai ne, kuma ban nemi a taɓa shi ba.

To, mu auna Scientology da sharuɗɗan. An kafa cocin a Los Angeles a 1954 bisa koyarwar L. Ron Hubbard, wato wancan marubucin ƙagaggun labaran kimiyya. Hukumar tara haraji ta ƙasa, wato IRS, ta yafe mata haraji, sannan a 1967 ta janye, bisa hujjar cewa kuɗin cocin yana tafiya ga Hubbard da iyalinsa, kuma kotun haraji ta tabbatar da janyewar a 1984. A tsakanin nan, a 1977, jami'an hukumar binciken manyan laifuka ta FBI sun kai samame ofisoshin cocin a Los Angeles da Washington, aka gano cewa an cusa mabiya a ma'aikatun gwamnati, har da ita IRS ɗin, suna kwasar takardu. Manyan jami'an cocin 11 ne aka samu da laifi, cikinsu har da Mary Sue Hubbard, matar wanda ya assasa ta. Sai kuma a 1989 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Hernandez cewa kuɗin da mabiya ke biya don zaman tambaya da amsa da suke cewa yana tsarkake ruhi ba sadaka ba ne, domin an yanka masa farashi, ana biya ana karɓar abin da aka biya dominsa, kamar kowane ciniki.

Shekara huɗu bayan wannan hukunci, a Oktoban 1993, sai shugaban cocin, David Miscavige, ya tsaya gaban dubban mabiya a Los Angeles ya shelanta cewa yaƙi ya ƙare. IRS ta yafe wa cocin da rassanta sama da 150 haraji. Me ya canja? Ba a gaya wa jama'a ba, domin a asirce aka ƙulla yarjejeniyar, sai a Disambar 1997 jaridar Wall Street Journal ta bankaɗo abin da ke ciki. Cocin ta biya dala miliyan 12.5, ta janye tarin ƙararrakin da ita da mabiyanta suka shigar a kan hukumar, ita kuma hukumar ta amince mabiya su riƙa rage kuɗin wancan zama daga harajinsu, wato ainihin abin da Kotun Ƙoli ta ce bai halatta ba. Kwamitin da aka ɗora wa alhakin tabbatar da cewa cocin na bin ƙa'ida kuwa, manyan jami'anta ne mambobinsa. In wannan ba ba wa kura ajiyar nama ba ne, to ban san sunan da za a sa masa ba.

Abin bai tsaya nan ba. Daga baya wasu ma'aurata Yahudawa sun nemi a rage musu kuɗin karatun addini da suke biya wa 'ya'yansu, suna cewa ai an yi wa mabiya Scientology makamancin haka, amma kotun ɗaukaka ƙara ta hana su har sau biyu, a 2002 da 2008. Ashe ke nan mabiya addini guda suna cin gajiyar da aka hana mabiya wani, a ƙasar da tsarin mulkinta ya haramta wa gwamnati fifita wani addini. Masu kukan 'yancin addini, ina muryarku a nan?

Hujjar masu kare cocin ita ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa: yau Scientology, gobe masallaci ko majami'ar da mai mulki ba ya so. Wannan tsoro ba na banza ba ne, kuma ina ɗauke da kasona a cikinsa, domin tarihin Amurka ya nuna cewa shugaba na iya neman mayar da hukumar haraji bulalar dukan abokan hamayya, kamar yadda Richard Nixon ya nema. Amma maganin wannan shi ne ƙa'ida guda a bayyane wadda ta hau kan kowa, kuma yarjejeniyar sirri kishiyar haka ce. Janye afuwar haraji kuma ba haramta addini ba ne. A 1983 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai takwas a kan ɗaya, ta amince da janye wa Jami'ar Bob Jones afuwarta saboda ta hana soyayya da aure tsakanin ɗalibai farare da baƙaƙe, duk da cewa jami'ar ta ce daga fahimtarta ta Littafi Mai Tsarki ta samo dokar. Jami'ar ba ta rufe ba, ba a ƙona littafin kowa ba, jama'a ne kawai suka daina ɗaukar mata nauyi. Ita kanta Scientology ta shekara 26 ba ta da wannan afuwa, kuma ba ta mutu ba.

Tushen matsalar ya wuce coci guda. Gidan marayu, asibitin jinƙai, ƙungiyar kare dabbobi, duk wajibi ne su cike takardar da ake kira Form 990, wadda a kanta manyansu ke bayyana kuɗin shiga da albashin shugabanni, kuma kowa na iya neman ya gani. Majami'u da sauran wuraren ibada an ɗauke musu wannan. Bugu da ƙari, wata doka ta 1984 ta ce ba za a binciki littafin kuɗin coci ba sai wani babban jami'in ma'aikatar kuɗi ya rubuta dalilin zarginsa tukuna. Dalilin kuwa yana cikin littafin da aka hana shi buɗewa. Ta yaya mutum zai kawo shaidar abin da aka rufe masa ido a kansa?

Wasu ƙasashe sun nuna cewa ana iya bin sawun kuɗi ba tare da an taɓa akida ba. A 2009 wata kotu a Paris ta sami manyan rassan cocin biyu a Faransa da laifin zamba cikin tsari, ta ci su tarar yuro 600,000, kuma babbar kotun ƙasar ta tabbatar da hukuncin a 2013. Alƙalan ba su tsaya tattauna asalin ruhin ɗan Adam ba, sun duba yadda aka matsa wa mutane suka kashe dukiyarsu a kan darussa da magunguna da na'urori. A Birtaniya, hukumar kula da ƙungiyoyin jinƙai ta ƙi yi wa cocin rajista a 1999 don ba ta gamsu cewa tana amfanar jama'a ba, amma Kotun Ƙolin ƙasar a 2013 ta amince a ɗaura aure a ɗakin ibadarta. Ga shi an girmama ibada, an kuma tambayi kuɗi, duk a ƙasa ɗaya, sama ba ta faɗo ba.

Tsofaffin mabiya suna zargin cewa ana sa ma'aikatan reshen Sea Org, waɗanda ke sa hannu a kan alkawarin hidimar shekara biliyan ɗaya, aiki mai tsanani a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma ana raba iyalai da duk wanda ya fita ya yi suka. Cocin ta musanta, tana cewa ƙage ne na masu riƙe da ita a zuci. Ni ban ce a hukunta ta a kan zargi ba. Abin da nake cewa shi ne, in ƙage ne, hanyar wanke kai a buɗe take, kuma mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.

Saboda haka a sake buɗe fayil ɗin 1993, IRS ta fito da cikakkiyar yarjejeniyar da bakinta, ta binciki littattafan kuɗin cocin da ma'aunin da take auna gidan marayu. In an tarar dukiya na tafiya ga shugabanni, ko farashi ne ake kira sadaka, a janye afuwar kamar yadda aka yi a 1967, cocin ta garzaya kotu in tana da ja. Majalisar dokoki kuma ta soke keɓewar da aka yi wa wuraren ibada daga bayyana kuɗinsu, a fara da manya masu juya miliyoyin daloli, kowane addini ne, kowa ke jagorantarsu.