Jawabina a taron wannan wata: mu ma mu fita kallon tsuntsaye

Assalamu alaikum. Shugaba ranka ya daɗe, iyayenmu mata, 'yan uwa da ɗalibai sababbin zuwa, sannunku da sanyi.

Minti biyar aka ba ni, to ga maganar. Duk hunturu haka muke a ƙasar nan ta Birtaniya, daga wurin aiki sai gindin hita, yara kuma waya a hannu har Maris. Bara wani abokin aikina ɗan Sikotlan ya ja ni ƙauyen Durness, can ƙuryar arewacin Sikotlan, wai kallon tsuntsaye. Na ce masa ni mutumin Haɗeja ne fa, ni za a nuna wa tsuntsu? Amma dai na bi shi.

Daga birnin Inverness kusan awa 3 ne a mota, hanyar a wasu wuraren mota ɗaya take ci, in kun haɗu da wani sai ɗaya ya raɓe ya ba ɗaya hanya, ga tumaki kwance a kan kwalta ko hon ba sa ji. Muka sauka Balnakeil, dab da Durness, muka bi bakin teku da ƙafa, farin yashi fes, ba kowa, iska kuwa har hawaye take sa mutum. A makiyayar da ke gefe muka tarar da garken dinya masu baƙin wuya da farar fuska suna kiwo, kukansu sak haushin 'yan kwikwiyo. Daga tsibirin Girinlan mai ƙanƙara suke zuwa wajen Oktoba su koma Afrilu. Ku ji fa, sanyin da muke kuka da shi, nan su suke zuwa ci-rani!

Wasu tsuntsayen kuma wajenmu, Afirka ta Yamma, suka nufa. Shahon nan mai kamun kifi da 'yan Sikotlan ke ji da shi, yanzu haka yana Senegal da Gambiya, kuma duk wanda ya san fadamar Haɗeja zuwa Nguru ya san yadda tsuntsayen Turai ke cika ta a wannan lokaci. Mu da muka taso muna jiran shamuwa mu ce damina ta kusa, ai sana'ar ba baƙuwarmu ba ce, madubin hangen nesa kawai suka fi mu.

Sai dai a shirya. A Disamba rana sai wajen 9 take fitowa, kafin 3:30 ta faɗi, azahar da la'asar da magariba duk a jere, mu a kan yashi muka yi namu. Ni kuma da wayona takalmin kambas na sa, ƙafata ta jiƙe sharkaf, na dawo da mura ta sati biyu, uwargida tana nan ku tambaye ta. Wajen shiga fili ba matsala, dokar Sikotlan ta 2003 ta ba kowa damar ratsa daji da bakin teku, in dai ba ɓarna zai yi ba.

Shawarata mu je a hutun yara na Fabrairu, rana ta ɗan ƙara tsawo. Takarda na wajen sakatare, mai zuwa ya rubuta suna da yawan yaransa, masu manyan motoci kuma don Allah kar ku sulale bayan addu'a. Hajiya, kunun gyaɗa a fulas dai ke muka sa wa ido.