Wa ke tambayar gwamnati kan kuɗin wuta da na esansi?

[Hoto: layin ƴan kabu-kabu a wani gidan mai a Maraɗi, da hantsi]

Assalamu alaikum jama'a. Ku dubi allon nan da kyau. Litar esansi sefa 499, wato da lissafinmu na kasuwa dala ɗari ba tamma guda. Kafin watan Yulin 2024, sefa 540 ce. Yaron da ke riƙe da tiyon bai isa ya ƙara ko tamma ba, uban gidansa ma bai isa ba. Daga Yamai ake yanke farashin a aiko musu. Haka nan faktir ɗin wuta da ake kawo muku gida: kuɗin kowane kilowat a takardar gwamnati yake.

To, su masu yankewar, wa yake tsare su ya ce su bayyana lissafinsu? Nan muka dosa yau.

[Hoto: taswirar Nijar, layi ya taso daga Katsina ya shigo Gazawa]

Mu fara da wutar. Nigelec, kamfanin da aka kafa a 1968, shi ke raba ta. Amma kafin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da yake rabawa daga Najeriya yake sayowa. Ta Yamai tana bi ta Birnin Kebbi. Tamu ta Maraɗi da Damagaram kuwa daga Katsina take tasowa ta shigo ta Gazawa. Shi ya sa da Najeriya ta katse layin a farkon watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, kowa ya ji a jikinsa. Mai walda ya zauna yana kallon ƙarfe, mai ƙanƙara ya rasa abin sayarwa, tela ya koma keken ƙafa. Sai da CEDEAO ta ɗage takunkumi a watan Fabrairun 2024 sannan aka maido da layin.

Man fetur kuwa daga rijiyoyin Agadem yake fitowa, a tace shi a matatar Soraz da ke kusa da Damagaram. An buɗe ta a 2011, tana iya tace ganga 20,000 a rana, kamfanin CNPC na ƙasar Sin na da kashi 60, Nijar na da 40. Daga nan Sonidep, kamfanin dillancin man fetur na gwamnati, ya ɗauka ya raba wa gidajen mai.

Ku lura da abu ɗaya. A wuta mai rabawa guda ne, a mai ma babban dillalin guda ne. In mai tumatir ya tsawwala maka a Babbar Kasuwa, sai ka matsa gaba. In Nigelec ya tsawwala fa, gaban wa za ka matsa?

[Hoto: mai awon hatsi yana cika tiya, yana share bakinta da hannu]

Don haka ne a 2015 aka yi dokar da ta kafa hukumar ARSE, mai sa ido kan harkar wuta da ta rarraba man fetur. Ku ɗauke ta kamar mai duba tiya a kasuwar hatsi. Ba ta sayar da gero, ba ta saye. Aikinta ta duba ko an buga gindin tiyar ya lotsa. Kamfani zai kawo lissafi ya ce ga abin da na kashe wajen sayen wuta, ga gyaran waya, ga albashi, don haka a ƙara mini kuɗi. Hukumar ta bi lissafin, ta ba gwamnati shawarar farashi, sannan gwamnati ta sa hannu. Tana kuma sauraren ƙorafi tsakanin kamfani da masu biyan faktir, ko da yake da yawa cikinmu ba su ma san da wannan ƙofar ba.

Sai dai akwai ƙulli a nan. Gwamnati ce mai Nigelec, ita ce mai Sonidep, ita ke naɗa shugabannin hukumar da za ta duba su, ita ke sa hannu kan farashin ƙarshe. Mai hatsi, mai tiya da mai duba tiya duk ƴan gida ɗaya ne. Dole a samu wani daga waje wanda zai iya ɗaga murya. A tsarin da muka sani kafin juyin mulkin 2023, wannan aikin depite ne, wato ɗan majalisar dokoki.

[Hoto: ginin Majalisar Dokoki a Yamai]

Mutane da yawa a nan sun san depite ne da buhun shinkafar azumi da kuɗin suna. Kundin tsarin mulkin 2010 kuwa wani aiki ya ba shi: yin doka, amincewa da haraji, da bin diddigin gwamnati. Lokacin da kundin ke aiki, yana iya rubuta wa minista tambaya. Yana iya sa a kira ministan makamashi ko na man fetur zauren majalisa ya amsa da bakinsa, a gaban ƴan jarida. In abin ya yi wari, a kafa kwamitin bincike ya nemi takardu. Kowace shekara kuma kasafin kuɗi sai ya bi ta hannunsu, kuma a cikinsa ne harajin da ke kan kowace lita yake ɓoye. Babbar sandar ita ce ƙuri'ar yanke ƙauna. An taɓa ɗaga ta har ta sauka: a ƙarshen watan Mayun 2007 majalisa ta kayar da gwamnatin Hama Amadu a kan badaƙalar kuɗin ma'aikatar ilimi.

Kundin ya ma yi wani abu da ƙasashe kaɗan suka yi. Sashe na 150 ya ce duk kwangilar haƙar arzikin ƙasa, da kuɗin da kowane kamfani ya biya, a buga su gaba ɗaya a jaridar hukuma. Wato ba sai depite ya roƙa ba, haƙƙinsa ne, har ni da ku.

Amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Ko lokacin da majalisar ke nan, sandar ta fi zama a jingine. Masu rinjaye ƴan jam'iyyar gwamnati ne, kuma ba a cika samun mai son kunyata ministan gidansu ba. Ga shi lissafin farashin mai aiki ne na ƙwararru; in ba ka da wanda zai warware maka shi, minista zai zubo maka alƙaluma na rabin sa'a ka tafa ka zauna. Ku tuna watan Agustan 2022, da aka ɗaga litar gazuwal daga sefa 538 zuwa 668. Ƙarar da aka fi ji daga ƙungiyoyin farar hula ta fito, a lokacin ne suka kafa ƙawancensu na M62. Mu nan Maraɗi ma ba mu cika damuwa da farashin hukuma ba a da, tunda ruwa-ruwa na nan a kwalabe bakin kowane titi, ya tsallako ta Ɗan Isa da araha. Da Bola Tinubu ya cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, kwalba ta yi tsada, kowa ya dawo gidan mai. Buƙata ta fi ƙarfin Soraz, har muka ga dogayen layukan watan Maris na 2025.

[Hoto: bututun mai a cikin rairayi]

Yanzu fa? Tun juyin mulkin 2023 an jingine kundin 2010, an rusa majalisar, dokoki na fitowa ne ta hanyar umarnin shugaban ƙasa. A cikin wannan tsakani ne aka fara tura ɗanyen mai ta bututun da ya kai kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin. A ciki ne kuma, a watan Afrilun 2024, aka karɓi miliyan 400 daga CNPC a kan man da za a sayar nan gaba. Dalar Amurka nake nufi, ba tamu ta sefa biyar ba.

A watan Yunin 2025 an ƙaddamar da majalisar tuntuɓa ta CCR. Naɗa mambobinta aka yi, kuma sunanta ya faɗi aikinta: shawara. Tana iya tattauna batun wuta, ta faɗi ra'ayinta, gwamnati ta ɗauka ko ta ajiye. Ba ta da ikon hana kasafi wucewa, ba ta da ikon sauke gwamnati.

Tambayoyin dai suna nan inda suke, ko wa zai yi su. A cikin sefa 499 ɗin nan, nawa ne na Soraz, nawa na Sonidep, nawa na masu tanka, nawa ne haraji? Bashin miliyan 400, nawa aka biya, nawa ya rage? In layin Katsina ya sake yankewa a tsakiyar bazara, da wace wuta asibitoci da famfunan Maraɗi za su yi aiki? Jihar Maraɗi na da wakilai a CCR. Wanda ya san ɗaya daga cikinsu, ya tura masa bidiyon nan.