Kiɗan fiyanon da aka bari a cikin durowa

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Hadiza ce ke magana, ina tare da Malam Bala da ƙanenmu Nura. Yau maganar konceto na fiyano za mu yi. Malam, ka ɗan warware wa wanda bai saba ba.

Malam Bala: Wa alaikumus salam. Abin ba wuya. Makaɗi ɗaya ne zai zauna gaban fiyano, bayansa kuma ƙungiyar makaɗa, masu goge da masu busa da masu ganguna, wani lokacin su kai mutum 80. Kamar mawaƙi ne da 'yan amshinsa, ya bayar su karɓa, su bayar ya karɓa. Shi ke nan.

Nura: Kuma abin da ke damun Malam shi ne kullum guda nawa ne ake ta maimaitawa.

Malam Bala: Ƙwarai kuwa. Ka duba jadawalin kowane babban zaure a Turai ko Amurka. Aikin masu tsara kiɗa 'yan kaɗan ne za ka gani: konceto na farko na Tchaikovsky, na biyu da na uku na Rachmaninoff, na Grieg, na Schumann, guda biyar na Beethoven, wasu na Mozart. An rubuta ɗaruruwa, amma waɗannan ake ta juyawa shekara da shekaru.

Nura: To amma Malam, ni ina ganin ba banza ba. Abin da ya yi daɗi shi ke zama. Jama'a sun ji, sun zaɓa.

Malam Bala: Sun zaɓa cikin abin da aka ba su, Nura. Wanda ba su taɓa ji ba fa? Bari in fara da Busoni. Ferruccio Busoni, ɗan Italiya ne, an haife shi a 1866, amma a Berlin ya fi zama. A can ya fara kaɗa koncetonsa a watan Nuwamban 1904, shi da kansa a kan fiyano. Yawancin konceto kashi uku ne, minti 30 zuwa 40 an gama. Nasa kashi biyar ne, yana cin kusan minti 70.

Hadiza: Minti 70 mutum ɗaya yana kaɗawa?

Malam Bala: Kusan ba hutu. Kuma a kashi na ƙarshe sai ga muryoyin maza sun shigo suna rerawa. Ya ma ba da umarni a ɓoye mawaƙan, kada masu kallo su gan su, sai dai a ji murya tana tasowa. Kin san abin da suke rerawa?

Hadiza: A'a.

Malam Bala: Baitoci ne da Jamusanci, daga wasan kwaikwayon Aladdin na wani marubucin Denmark, Oehlenschläger. Suna kira ga mutane su ɗaga zukatansu ga ikon da ba ya gushewa, su ji kusancin Allah, su dubi ayyukansa. Da sunan Allah ɗin suke faɗa.

Nura: Kai! A Berlin, a 1904?

Malam Bala: A Berlin. Kada dai a ɗauka Busoni Musulmi ne. Yadda Turawan wancan zamani ke hasashen ƙasashen Gabas ne. Amma in ka saurara, ba za ka ji wasa ko raini a ciki ba. Bayan awa guda ana gwabzawa tsakanin fiyano da makaɗa, sai fiyanon ya sassauta, ya koma yana rakiyar muryoyin. Ni a wurina nan ne kyawun aikin yake.

Hadiza: To me ya hana a riƙa kaɗa shi?

Malam Bala: Kuɗi da wahala. Sai ka biya babbar ƙungiyar makaɗa, ka biya mawaƙa da za su zauna awa guda suna jira don su rera na 'yan mintuna. Shi kuma mai fiyanon zai kwashe watanni yana haddace abin da wataƙila sau ɗaya ko biyu za a gayyace shi ya kaɗa. Kuma duk wahalarsa, sau da yawa makaɗan sukan rufe sautinsa, ba ya samun irin tafin da mai kaɗa Rachmaninoff ke samu. John Ogdon na Ingila ya naɗe shi a faifai a 1967, wannan ya taimaka aka tuna da shi.

Nura: To wannan na yarda. Amma ai ka ba ni gaskiya ke nan, Malam. Ya yi tsawo, ya yi tsada.

Malam Bala: Tsada daban, rashin kyau daban. Irin haka ta sami Dvořák, mai tsara kiɗa ɗan ƙasar Czech, da koncetonsa na 1876. Makaɗa suka ce yana wahalar da yatsu amma ba ya nuna gwaninta, har wani malamin fiyano a Prague, Vilém Kurz, ya sake rubuta ɓangaren fiyanon. Sai da shahararren makaɗin fiyano Sviatoslav Richter ya koma ga na asali aka ga ashe lafiyarsa ƙalau.

Hadiza: Ni kuwa labarin da ya fi tsaya min a rai na Paul Wittgenstein ne. Ɗan masu kuɗin Vienna ne, makaɗin fiyano, ya rasa hannunsa na dama a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Bai haƙura da kiɗa ba. Ya riƙa biyan manyan masu tsara kiɗa su rubuta masa konceto na hannun hagu kaɗai.

Nura: Na Ravel na sani.

Hadiza: Shi ne ya yi suna. Amma Wittgenstein yana sa sharaɗi cewa shi kaɗai ke da ikon kaɗa abin da ya biya. In ya ji bai yi masa ba, sai ya ajiye, kuma ba mai taɓawa. Prokofiev ya rubuta masa na huɗu a 1931. Ya ce bai fahimce shi ba, ba zai kaɗa ba. Prokofiev ya mutu a 1953 bai ji shi a zaure ba. Sai a 1956 Siegfried Rapp, wanda shi ma ya rasa hannun dama a yaƙi na biyu, ya kaɗa shi a Berlin.

Malam Bala: Faɗa musu na Hindemith.

Hadiza: Wannan ya fi ciwo. Hindemith ya rubuta nasa a 1923. Wittgenstein ya karɓa ya kulle. Ya mutu a 1961, Hindemith ya bi shi a 1963, takardun suna nan. Sai bayan rasuwar matar Wittgenstein aka gano su a gidan gonarta a jihar Pennsylvania. Leon Fleisher ya fara kaɗa shi a Berlin a 2004. Shekara 81 ke nan. To Nura, wace jama'a ce ta ƙi wannan?

Nura: Babu kam, Anti Hadiza. Ba a ba su dama ba.

Hadiza: Kuma ba na so a ɗauki Wittgenstein a matsayin mugu. Da bai kashe dukiyarsa ba, da ba a rubuta ko ɗaya ba. Amma abin da ya faru ke nan.

Nura: To bari ni ma in kawo nawa, don kada a ce musu kawai na zo yi. Florence Price.

Malam Bala: Madalla.

Nura: Mai tsara kiɗa ce, baƙar fata 'yar Amurka, an haife ta a Little Rock a 1887. A 1933 ƙungiyar makaɗan Chicago ta kaɗa babban aikinta na farko, kuma ita ce baƙar mace ta farko da wata babbar ƙungiya a Amurka ta yi wa haka. Shekara ta zagayo, a 1934, ta fito da koncetonta, ta kaɗa da kanta a Chicago. Bai kai minti 20 ba. Ƙarshensa rawar juba ce, wadda bayi a kudancin Amurka ke yi da tafi da buga ƙafa da dukan cinya, saboda a wurare da dama an hana su ganga. In ka ji wurin, jikinka da kansa zai motsa.

Hadiza: Ita ma takardunta ɓata suka yi, ko?

Nura: Sun ɓata. Tun tana raye ta rubuta wa Koussevitzky, jagoran makaɗan Boston, a 1943, ta ce abu biyu ne ke tare mata hanya, kasancewarta mace da launin fatarta. Bai sa aikinta a jadawali ba. Ta rasu a 1953, aka manta. A 2009 wasu ma'aurata suka sayi wani tsohon gida da aka yi watsi da shi a St. Anne, jihar Illinois. Suna shirin gyara sai suka tarar da tulin takardun kiɗa. Ashe gidan da take zuwa hutu ne. Shi koncetonta na fiyano kuwa, cikakkun takardun makaɗansa ba a san inda suke ba, sai da Trevor Weston ya sake haɗa shi daga guntayen da suka rage aka kaɗa a 2011. Daga baya na asalin ya bayyana, kuma Michelle Cann ta kaɗa shi da makaɗan Philadelphia a 2021.

Malam Bala: Ka ga wannan ba tsada, ba tsawo, ba wuyar fahimta.

Nura: Shi ya sa nake cewa a nan masu shirya wasa ba su da uzuri. Na fahimci tsoronsu, suna so a sayi tikiti, kuma sunan Tchaikovsky ne ke cika kujeru. To a sa Tchaikovsky ɗin. Amma aikin minti 18 ai zai shiga dare ɗaya da shi.

Malam Bala: Akwai kuma wajen ɗalibai. Yaro yana koyon abin da ake tambaya a gasa, gasa kuma tana tambayar abin da zauruka ke so, zauruka suna ɗaukar abin da makaɗa suka riga suka iya. In malami ɗaya ya ba ɗalibinsa Price, ko na Clara Schumann da ta kaɗa a Leipzig a 1835 tana da shekara 16, to nan da shekara goma akwai wanda zai iya cewa yana da shi a hannu idan an tambaya.

Hadiza: Ga masu sauraro, duk waɗannan suna YouTube. Malam, da wanne za su fara?

Malam Bala: Su fara da Price, ta fi kusa da kunne. Busoni kuwa sai ranar da mutum yake da awa guda da ba mai kiransa, kuma kada ya tsallaka zuwa wurin muryoyin, ya bi shi tun daga farko.

Hadiza: To a nan za mu dakata. Mun gode Malam, mun gode Nura. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.