Amsoshin Tambayoyinku: Fita Ƙasar Waje Tseren Ratsa Daji

Mai gabatarwa: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da warhaka daga nan Jos. Wasiƙun wannan mako kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, tseren ratsa daji, wanda 'yan gudu ke ce wa kuros-kantiri, da yadda ake fita waje a yi shi. Tare da ni akwai kocin da ya daɗe yana horar da yara a Pankshin. Koci, sannu da hanya.

Koci: Yawwa, sannu kadai. Ai hanyar ta saba da mu.

Mai gabatarwa: Wani daga Farin Gada yana tambayar bambancinsa da gudun famfalaki. Famfalaki a kan kwalta ake yi, kilomita 42 da 'yan kai. Wannan kuwa ciyawa ce, da laka, da hawa da gangara. A gasar duniya, wadda aka fara a 1973 a Beljiyam, manya maza da mata kilomita 10 suke yi tun 2017. 'Yan ƙasa da shekara 20, maza 8, mata 6.

Wata ƙanwarmu daga Rikkos ta ce ko za ta iya gudu da ɗankwali da dogon wando. Ƙwarai kuwa, ƙanwata, ana yi. Ki dai nemi yadi marar nauyi wanda ba ya shan ruwa.

To ga wadda ta tsaya min a rai. Wani matashi daga Bukur ya ce wani mutum ya gan shi yana atisaye da asuba, ya yaba ƙafarsa, ya ce ya kawo kuɗi da fasfo zai samo masa biza ya sa shi a gasar duniya a Turai. Mahaifiyarsa har ta fara maganar sayar da filinta. Irin wannan wasiƙa ta zo daga Mangu, ta zo daga Unguwar Rogo. Ɗana, ka saurare ni da kyau. Gasar duniya ba a sayen gurbinta. Hukumar guje-guje da tsalle-tsalle ta ƙasa, AFN, ita ke aika sunaye, kuma mutum shida kacal kowace ƙasa ke iya sawa a tsere guda, a lissafa makin huɗun farko. Bari in maimaita saboda Mama ta ji: hukuma ke aika suna, ba ɗan kamasho ba. Kada a sayar da filin nan. Koci, ko na yi kuskure?

Koci: Babu kuskure. Ni abin da nake gaya wa yarana kullum shi ne su guji gaggawa. Dubi gasar duniya ta Kampala a 2017. Joshua Cheptegei, ɗan Uganda, a gaban mutanensa, ya tsere wa kowa, filin nan ya ɗauki ihu. Zagayen ƙarshe ƙafa ta ƙi, yana tangaɗi kamar zai faɗi, Geoffrey Kamworor na Kenya ya wuce shi, wasu suka yi ta wucewa, ya ƙare na 30. Amma bai tsaya ba, sai da ya kai layi. Bayan shekara biyu a Aarhus ta Denmak, inda aka bi da su ta kan rufin wani gidan tarihi mai ciyawa, shi ya zo na ɗaya. Na sha nuna wa yara hoton nan a waya, mu zauna gindin mangwaro bayan atisaye, kowa ya yi tsit...

Mai gabatarwa: Koci, labarin ya yi daɗi, amma yaron Bukur yana jiran ya ji ta ina zai bi.

Koci: To, ta gida zai bi. Ya yi rajista da ƙungiyar wasanni ta jiha, ya shiga duk tseren da aka shirya, a ga lokacinsa a rubuce. Akwai na Okpekpe a Edo, kilomita 10, akwai na Legas. Kwalta ce, amma nan ake ganin mutum. Sannan akwai tseren gayyata a Sifen da Italiya lokacin hunturu, su ma ta hannun wakilin da hukumar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya ta yi wa rajista ake zuwa, kuma sunayen wakilan suna nan a intanet. Wakilin gaskiya daga ladan da ka ci yake cire kasonsa.

Mai gabatarwa: Kun ji. Wanda ya ce ka fara biya, tambaye shi sunansa a wane jeri yake. Kuma fasfonka kada ya kwana a hannun kowa. Ni a ganina iyaye ma da laifinmu, da an ce Turai sai hankali ya tashi, ba ma tsayawa mu tambaya.

Wani daga Gangare ya ce tunda Jos tudu ce ga sanyi, ai mun riga mun shirya. Kai malam, sannu da alfahari! Jos tana wajen mita 1,200 sama da teku, Iten ta Kenya kuwa, inda zakarun gudu ke atisaye, wajen 2,400, ninki biyu ke nan.

Koci: Kuma ba ko'ina ne sanyi ba. A Mombasa a 2007 zafi da gumi suka sa Kenenisa Bekele na Habasha kansa, wanda ya ci gasar duniya shekara biyar a jere, ya fita bai ƙarasa ba. Sanyin Turai kuma jiƙaƙƙe ne, ba irin hunturunmu busasshe ba. Ka isa da 'yan kwanaki jiki ya saba, ka taka filin da ƙafarka kafin ranar, ka ga inda laka ta fi zurfi, sannan ka san tsawon ƙusar da za ka ɗaura a ƙasan takalmi don hana santsi. Takalmin kuma a jakar hannu, ƙusoshin a babbar jaka. Akwati na iya ɓata a hanya.

Mai gabatarwa: Lokaci na hararar mu. Mai tambaya a kan takardu: fasfo mai sauran aƙalla wata shida, katin rigakafin shawara, da takardar gayyata ta ainihi. Shekarunka na gaskiya, don Allah, kada a rage.

Wani bai sa unguwa ba, ya ce yana shan tramadol don ya jure gudu. Ɗana, ka daina, ka je ka ga likita. Tun farkon 2024 an haramta shi a lokacin gasa, kuma fitsari ba ya ɓoye shi. Gwajin ƙwayoyin nan ba wasa ba ne. A gasar Olamfik ta Tokyo 'yan Najeriya goma aka hana shiga fili, ba don an kama su da komai ba, sai don ba a yi musu adadin gwajin da ake buƙata kafin tafiya ba.

Akwai wasiƙar wata uwa daga Bokkos a kan abincin da 'yarta za ta ci a can, tana tsoron kada ta rasa acca da gwate. Mama, ki yi haƙuri, da taki za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Koci, mun gode, a gaida yara.