Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Kasuwanci a Zangon Kumasi

Assalamu alaikum warahmatullah.

Mai girma Minista, ranka ya daɗe. Sarkin Zango, Allah ya ja zamaninka. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu mata, matasa, barkanmu da warhaka.

Ranka ya daɗe, lale marhabin da zuwa Zango. Mun san hanyar Ankara zuwa nan, sannu da gajiya.

Fatauci ne ya kawo kakanninmu ƙasar Tonawa, wato Asante. Sun bi goro ta Salaga, jarinsu jaki da amana, kuma duk inda suka yada zango sai an ga rijiya da masallaci. Don haka da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito da muradun ci gaba mai ɗorewa guda 17 a 2015, ta ce a cim ma su kafin 2030, ta kuma nemi hannun 'yan kasuwa, ba baƙon zance muka ji ba.

A garin nan muka ga Kuapa Kokoo, ƙungiyar manoman koko da aka kafa a 1993. Ba su tsaya ga sayar da buhu ba, sai da suka mallaki hannun jari a kamfanin cakulan na Divine a Ingila, ribar ta dawo ƙauyuka ta zama rijiyoyi da ajujuwa. A nan kuma ake haɗa keke da gora, ana fita da shi waje. Gorar da muke kafa rumfa da ita fa!

Mu ma a unguwannin Aboabo da Asawase akwai yaranmu da ke tsintar ledar fiya wata daga kwata suna sayar wa masu narkawa. Akwai mata masu man kaɗe da sabulun salo, kowace tana riƙe da marayu. Su ne ke rage mana ambaliya da zaman banza, amma banki bai san da su ba, jarinsu adashi ne kawai. Da yawansu kuma ba za su taɓa bashi mai ruwa ba, ko da za su rufe shago.

Roƙonmu ke nan, ranka ya daɗe: jari marar ruwa, da sauƙin rajistar kamfani, da wuri a kasuwar Kejetia inda za su baje kayansu. Za su biya, mu ne masu tsaya musu.

Ga ruwa, ga goro. In ka huta, Magajiya za ta kai ka rumfunan ka gani da idonka.

Wassalamu alaikum.