Tsawon Rai: Abin da Tsofaffin Zango Suka Riƙe, Mu Muke Saki

Assalamu alaikum, jama'a.

Nan Aboabo ne, a Kumasi, an idar da sallar asuba ke nan. Ku dubi dattijon can da ke fitowa daga masallaci, carbi a hannu, yana tafe a hankali amma ba sanda. Kafin ya kai ƙofar gidansa zai tsaya sau huɗu ko biyar. Zai gaisa da mai koko, ya tambayi jikin maƙwabcinsa, ya tsawata wa wani yaro da ke wasa a bakin kwata. A kowane zango akwai irinsa, daga Asawase zuwa Alabar, daga Nima zuwa Sabon Zango na Accra. Idan aka gan su sai a ce, "Kai, mutanen da ƙarfe ne." To yau ina so mu duba, da me aka ƙera ƙarfen nan?

Na san akwai wanda tuni ya ce a ransa, ai rai na Allah ne, ajali idan ya zo ba ya jira. Haka ne, ba musu. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne ya ce wanda yake son a yalwata masa arziki, a jinkirta masa ajali, to ya sada zumunci. Bukhari da Muslim duk sun ruwaito shi. Ashe neman tsawon rai ta hanyar sababi ba rashin tawakkali ba ne.

Mu fara da lissafin shekarun, domin nan ake yawan zamewa. Mutumin da aka tabbatar da takardu cewa ya fi kowa daɗewa a duniya wata Bafaranshiya ce, Jeanne Calment. An haife ta a 1875, ta rasu a 1997, tana da shekara 122 da kwana 164. A maza kuwa Jiroemon Kimura ne na Japan, wanda ya rasu a 2013 yana da shekara 116. Waɗannan an bi takardunsu ɗaya bayan ɗaya. Da yawa daga cikin sauran labaran da muke ji ba haka suke ba. Ko a Japan, ƙasar da ake yabo wajen adana bayanai, a 2010 an gano sunayen mutum sama da 230,000 da rajista ke nuna sun haura ɗari, alhali an rasa inda suke, akasari sun daɗe da rasuwa.

A gidanmu ma haka ta faru. Mun taso ana cewa kakata ta wuce ɗari da biyar. Wata rana na zauna kusa da ita tana gyaran wake a faranti, na ce, "Kaka, lokacin da Ghana ta samu 'yancin kai kina ina?" Ta ce tana goye da ɗanta na fari, kuma a lokacin ba ta kai ashirin ba. A 1957 ke nan. Da muka lissafa sai muka ga ba ta ma cika casa'in ba. Wannan bai rage mata komai a idona ba. A ƙasar da matsakaicin tsawon rai bai wuce shekara sittin da 'yan kai ba, macen da ta doshi casa'in tana gane kowane jika da muryarsa, tana alwala da kanta, ta isa a zauna a koyi wani abu a wurinta.

Sai batun gado. Masu bincike a Denmark sun bi rayuwar tagwaye kusan 2,900 bibbiyu, waɗanda aka haifa tsakanin 1870 da 1900, suka gano cewa abin da gado ke bayarwa a bambancin tsawon rai kusan kashi ɗaya ne cikin huɗu. Sauran ukun sun rataya ne a kan yadda mutum ya rayu, inda ya rayu, da abin da ya same shi. Masu kai wa ɗari da ɗoriya kam, jinin gidansu na taimaka musu sosai. Shi ya sa idan an ce maka wani tsoho ya sha taba har ya kai ɗari, kar ka ɗauke shi abin koyi. Binciken da Richard Doll ya jagoranta a kan likitocin Birtaniya, wanda aka shafe shekara 50 ana yi, ya nuna mai shan sigari na asarar kimanin shekara 10 na rayuwarsa, kuma wanda ya daina tun yana ɗan talatin yana kauce wa kusan dukkan asarar. Samarinmu masu zama a majalisar shisha, hayaƙin nan ma taba ce, ƙamshin tuffa bai canja ta ba.

Yanzu mu leƙa tukunya. Abin da kakata ta ci duk rayuwarta ba ɓoyayye ba ne: kokon gero da ƙosai da safe, tuwon zafi da miyar ayoyo ko kuka, wake da shinkafa da aka dafa da karan dafi, wanda duk Ghana ke kira waakye, sunan da ya samo asali daga kalmarmu ta wake. Nama kuwa sai ranar suna, ko biki, ko Babbar Sallah. Idan ka duba wuraren da suka yi suna da yawan tsofaffi, irin su Okinawa a Japan, Sardiniya a Italiya da Nicoya a Kosta Rika, za ka tarar tushen abincinsu na gargajiya bai yi nisa da wannan ba: hatsi, dangin wake, ganye, nama kaɗan. Ana gardama a kan ingancin takardun haihuwar wasu daga cikin wuraren nan, amma amfanin wake da ganye da hatsin da ba a cire masa dusa ba, wannan bincike da dama sun tabbatar da shi.

Mutanen Okinawa na da wata magana da suke yi kafin cin abinci, ma'anarta ka tsaya idan cikinka ya cika kashi takwas cikin goma. Mu kuma muna da hadisin da Tirmizi ya ruwaito: sulusi na abinci, sulusi na abin sha, sulusi na numfashi. Kakata ba ta taɓa ƙari ba. Idan an matsa mata sai ta ture kwanon ta ce, "A bar wa gobe wuri."

Abin da ya canja shi ne, sunan abincin yana nan, cikinsa ne ya sauya. Inda take saka daddawa, mu dunƙulen magi uku ko huɗu muke marmasawa, mu ƙara gishiri, mu kawo shito da busasshen kifi mai gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kar ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin magi da burodi da taliyar leda. Kokon ma, ku tsaya gobe ku ƙirga cokali nawa na sukari ake zuba muku kafin a ɗaure ledar.

Tafiya kuwa, tsofaffinmu ba su san wani abu wai shi motsa jiki ba. Rayuwar ce ke motsa su. Kakanninsu da ƙafa suka bi hanyar goro, daga ƙasar Hausa zuwa Salaga har Asante. Su kuma da ƙafa suke zuwa kasuwa da kaya a ka. Ga wani lissafi mai sauƙi. Idan tsakanin gidanka da masallaci tafiyar minti biyar ce, zuwa da dawowa sau biyar ya ba ka minti 50 a yini, minti 350 a mako. Abin da hukumar lafiya ke nema aƙalla minti 150 ne a mako, na tafiya mai ɗan sauri. Yau kuwa daga Aboabo zuwa Asawase sai mun tare pragya, keken nan mai ƙafa uku.

Na zo inda na fi so ku ba ni kunnuwanku, domin a ganina nan ne muke asarar da ba mu lura da ita ba.

A 2010 wata mai bincike a Amurka, Julianne Holt-Lunstad, ita da abokan aikinta, suka tattara bincike 148 da suka shafi mutum sama da 300,000. Suka ga masu ƙaƙƙarfar alaƙa da jama'a sun fi waɗanda ke zaman kaɗaici damar ci gaba da rayuwa da kashi 50 cikin ɗari. Girman tasirin ya yi kusa da na daina shan sigari. Jami'ar Harvard ma tana da binciken da ta fara tun 1938, tana bin mutane daga samartaka har tsufa, har 'ya'yansu, kuma abin da ya fi fitowa fili a ciki shi ne ingancin zaman mutum da na kusa da shi yana hasashen lafiyarsa a tsufa. Turawa sun kashe shekaru kafin su auna abin da Bahaushe ya taƙaita da cewa zumunci a ƙafa yake.

Ku tuna yadda gidan zango yake. Tsakar gida ɗaya, ɗakuna a jere, Bahaushe, Bamoshe, Bazabarme, Badagombe, kowa na jin tarin kowa. Idan tsohuwa ba ta fito da asuba ba, kafin rana ta ɗaga an ƙwanƙwasa ƙofarta. Ita ke wankan jego, ita ke sasanta mata da miji, ita ake kawo wa jariri idan ya ƙi barci. Tana da aiki. Ana bukatarta.

To me muke yi yanzu idan Allah ya buɗa mana? Mu gina gida can bayan gari, mu zagaye shi da katanga, mu ɗauko Baba daga cikin abokansa na shekara hamsin, mu ba shi ɗaki da fanka da talabijin, mu ce, "Baba, ka huta, ka sha wahala." Da kyakkyawar niyya muke yi, na sani, ni ma na yi. Mun taɓa hana kakata zuwa wurin 'yar sana'arta ta ƙuli-ƙuli da gyaɗa a ƙofar gida, muna ganin abin kunya ne a ce jikokinta na aiki ita tana zaune a bakin tire. Wata biyu kacal, matar nan ta daina tambayar ranar mako. Abinci sai an yi da gaske. Tana zaune tana kallon bango. Ƙanwar mahaifiyata ce ta gane, ta ce a mayar mata da tirenta. Ribar ba ta kai kuɗin trotro ba, amma a bakin tiren nan take jin wa ya haihu, wa ya dawo daga Makka, wa ke rigima da wa. Cikin mako guda muryarta ta dawo.

Wata malama a Jami'ar Yale, Becca Levy, ta wallafa bincike a 2002 a kan mutum 660 a jihar Ohio. Waɗanda ke kallon tsufansu da kyakkyawan zato, ba sa ganin sun zama kaya, sun fi sauran daɗewa da kimanin shekara bakwai da rabi. To wa ke koya wa tsoho yadda zai kalli kansa? Mu ne. Duk ranar da aka yanke shawarar gida ba a tambaye shi ba, an gaya masa wani abu ko da ba a buɗe baki ba.

Akwai kuma halin zuci. Babban Limamin Ghana, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, an haife shi a Accra a 1919, ya hau limancin ƙasa a 1993. A farkon 2019, da wani fasto ya yi hasashen rasuwarsa, wasu matasa suka fusata suka far wa cocinsa. Malam ya ce a kwantar da hankali, ya yafe. A watan Afrilu na shekarar, yana cika ɗari, ya je cocin Katolika na Christ the King a Accra domin ƙarfafa zaman lafiya. Ba zan ce haƙurinsa ne ya kai shi shekarun nan ba, Allah ne masani. Amma likitoci sun san fushi da damuwar da ba ta yankewa suna ɗaga jini, suna hana barci, suna gajiyar da zuciya. Duk tsohon da na zauna da shi wanda ya daɗe da lafiyarsa, ban tarar da shi yana riƙe da gaba ba. Suna da faɗa, wasunsu ma sosai, amma ba sa kwana da shi.

Saura abu ɗaya da kakanninmu ba su samu ba, mu muka samu, muke wasa da shi: awo. Hawan jini ba ya sallama. Mutum na iya yawo da shi shekaru ba ciwon kai ba jiri, sai rana ɗaya ya faɗi a banɗaki, ɓarin jiki ya shanye, a kwashe shi zuwa asibitin Komfo Anokye, a dawo ana cewa jifa ne. Idan awonka na kai wa 140 bisa 90 ko sama a lokuta daban-daban, ka ga likita. Idan an ɗora ka a kan magani, kar ka ajiye shi don ka ji sauƙi, sauƙin daga maganin yake. Kuma don Allah a yi hattara da kwalaben da ake tallatawa a tasha da cikin mota, masu warkar da cuta arba'in. Haɗin da ba a san abin da ke cikinsa ba na iya lalata ƙoda.

Awon jini ba ya ɗaukar minti biyar, kuma akwai shagunan magani na unguwa da suke da na'urar. Ciwon suga ma ɗigon jini ɗaya ne daga yatsa. Iyayenmu da suka kai shekara 70, tsarin inshorar lafiya na ƙasa, wanda aka kafa a 2003, ya ɗauke musu kuɗin shekara da sauran manya ke biya, sai dai ɗan abin rajista ko sabuntawa. A duba katin Hajiya ko ya ƙare. Ranar da za a kai ta awon, idan wurin ba nisa kuma ƙafarta na iyawa, a taka da ita, a bar ta ta tsaya ta gaisa da duk wanda take so a hanya.