Amsoshin Tambayoyinku: Edie Sedgwick

Masu sauraronmu, daga nan Birnin Kebbi muke gaishe ku. Wasiƙun wannan mako sun taru ne a kan 'yar fim ɗin nan ta Amurka, Edie Sedgwick, wadda muka ambata a shirin da ya gabata.

Wani bawan Allah daga Argungu yana tambaya ko a Hollywood ta yi suna. A'a, Malam, da ka kasa kunne makon jiya da ba ka ɓata takardarka ba. Ta yi suna ne a ƙananan finafinan da mai zane Andy Warhol ya riƙa ɗauka da kuɗi kaɗan a birnin Niyok a 1965, irin waɗanda masu kallonsu ba su da yawa, amma ba sa mantawa da su.

Sai tambayar da ta zo daga Yauri da Jega da Zuru, yawanci daga iyaye mata: me ya kashe ta tun tana da ƙuruciya? Iyayenmu, an haife ta a 1943 a Kalifoniya, a gidan masu hannu da shuni, ta rasu a Nuwamban 1971 tana da shekara 28. Ina maimaitawa, shekara 28, watanni huɗu kacal bayan aurenta, kuma ƙwayoyin sa barci ne suka yi ajalinta. Kafin ta shiga fim ta riga ta rasa 'yan'uwanta maza biyu a cikin shekara guda, ta kuma kwanta a asibitin masu taɓin hankali. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, lokacin da shaye-shaye ya ci ƙarfinta, masu kyamara ba su daina ɗaukarta ba; a haka suka ƙarasa ɗaukar fim ɗin Ciao! Manhattan, wanda ya fito a 1972, bayan rasuwarta.

Malam, kai da kake koyar da wasan kwaikwayo, me za ka ƙara?

"To, Hajiya, ni fim ɗin Poor Little Rich Girl nake nuna wa ɗalibaina. Babu rubutaccen labari, a ɗakinta aka ɗauke ta tana waya tana canza tufafi, rabin farko ma hoton dishi-dishi ne, amma ido ba ya barin fuskarta."

Mun gode, Malam. Mai tambaya daga Bunza kan tsawon aikinta da Warhol: kimanin shekara guda ne, sun rabu a farkon 1966.